Dick Tiger, Zakaran Damben Duniya

Duk inda masu sha'awar damben Turawa suka taru, ko a bakin ofis bayan an tashi daga aiki, ko a ɗakin hutun malamai, da wuya su watse ba a ta da gardamar nan ta wane ne gwanin gwanaye ba. Wani ya riƙe Joe Louis, wani ya riƙe Muhammad Ali, wani kuwa ya rantse ba a taɓa yin kamar Sugar Ray Robinson ba. In an gaji da na Amurka sai a komo gida, a shiga tambayar wa ya fi kowa a Afirka. To, a nan ne mu ke so mu sa baki, gama akwai mutum guda wanda mu ke ganin ba a cika ba shi hakkinsa a cikin wannan gardama ba, watau Richard Ihetu, wanda duniya ta sani da sunan Dick Tiger. Ga labarinsa, kowa ya auna da kansa.

Amma kafin mu shiga, ya kamata mu share hanya ga waɗanda ba su saba da wasan ba. Damben Turawa ya bambanta da namu. A al'adarmu ta asali hannu ɗaya a ke naɗewa, ba a kuwa ɗora kowa a kan ma'auni. Ƙaramin mutum ya kan fito wa ƙato in ya ji zai iya. Su kuwa hannu biyu su ke sa wa safa, turmi ɗaya minti uku ne, a huta minti ɗaya, kuma a zamanin da mu ke magana in karon neman kambin duniya ne turmi 15 a ke yi. Wanda aka buge ya faɗi, alƙali ya ƙirga goma bai tashi ba, an kashe shi ke nan. In kuwa aka kai ƙarshe kowa na tsaye, sai a duba makin da alƙalai suka bayar. Babban abin lura shi ne, an raba 'yan damben aji-aji bisa ga nauyinsu. Akwai ajin waɗanda ba su wuce laba 126 ba, akwai na matsakaita da ya tsaya a laba 160, akwai na bisansa mai laba 175, sa'an nan ajin ƙattai. Saboda haka wanda ya ce a haɗa Dick Tiger da Joe Louis a ga wanda zai ci, bai fahimci wasan ba tukuna. Abin da a ke aunawa shi ne, da su wa mutum ya kara cikin tsararrakinsa, yaya kuma ya ƙare da su.

An haifi Richard Ihetu ran 14 ga Agusta, 1929, a Amaigbo, cikin ƙasar Ibo ta tsohuwar Jihar Gabas. Iyayensa ba masu dukiya ba ne, bai kuwa yi nisa da makaranta ba. Tun yana saurayi ya tafi Aba neman abinci, ya shiga 'yan ƙananan saye da sayarwa a kasuwa, can ne kuma ya fara koyon dambe. Dick dai taƙaitaccen Richard ne a bakin Turawa. Tiger kuwa wani babban naman daji ne mai zane-zane, dangin damisa, wanda ba a samunsa a dajin Afirka ko kaɗan, sai a ƙasashen Asiya kamar Hindu da maƙwabtanta. Malamai na iya ajiye wannan don darasin labarin ƙasa. Cikin 1952 ya fara damben kuɗi.

A lokacin nan duk wanda ya ke so ya yi suna sai ya haye teku. Hogan Bassey, mutumin Kalaba, ya riga ya tafi Libaful ya zauna, saboda haka a ƙarshen 1955 Dick Tiger ya bi sawunsa. Ingila ba ta yi masa maraba ba. Karawa huɗu na farko da ya yi duk cinye shi aka yi da maki, ɗaya bayan ɗaya. Ga sanyi da bai saba da shi ba, ga abinci baƙo, kuma kuɗin damben ba su isa ciyar da shi, sai da ya kama aiki a wata ma'aikatar fenti yana yi da rana, da yamma ya tafi horo. Da wani ne, da ya nemi jirgin komowa gida. Muna roƙon masu karatu su riƙe waɗannan huɗun a zuci, domin za su sake ɓullowa in mun zo kan lissafi.

Sa'arsa ta buɗe cikin Mayu, 1957. Akwai wani saurayi Bature a Landan, sunansa Terry Downes, wanda a ke tattali a ke so a ɗaukaka, sai aka nemo masa wanda zai buga ya ƙara suna. Aka duba takarda aka ga wani baƙin mutum daga Libaful da ya sha kaye da yawa, aka kirawo shi. Ashe an kirawo ruwa ne. Dick Tiger ya yi ta dukansa har aka tsai da wasan. Downes ɗin nan ba rago ba ne, gama shi ma ya ci kambin duniya cikin 1961. Daga nan mutane suka fara dubansa da wani ido. Ran 27 ga Maris, 1958, ya kashe Pat McAteer a turmi na tara a Libaful, ya zama zakaran matsakaita na ƙasashen da ke ƙarƙashin tutar Ingila duka.

Cikin 1959 ya wuce Amurka, inda manyan 'yan damben ajinsa su ke, ya shiga hannun wani dattijo masanin harkar, Jersey Jones. Can ma farkon bai yi daɗi ba. Ya yi kunnen doki da Rory Calhoun, aka sake karawa aka ba Calhoun. Ya ci Joey Giardello, Giardello ya rama. Cikin 1960 wani mutumin Kanada, Wilf Greaves, ya karɓe masa kambin nan da ya ciwo a Libaful, amma kafin shekarar ta fita ya karɓo abinsa. Daga nan fa sai ya miƙe. Ya buge Spider Webb, wanda ya taɓa cinsa a Landan, ya buge Florentino Fernandez mutumin Kyuba mai mugun naushi, ya ci Henry Hank. Har ya zama babu sauran wanda za a ɓoye a bayansa, dole mai kambi ya fito.

Ga yadda damben nasa ya ke. Gajere ne, tsawonsa ƙafa biyar da inci takwas, mai kaurin cinya da faɗin ƙirji. Ba ya rawa a fage, ba ya kuma ja da baya. Ya kan matso a hankali, hannuwa a sama, ya bar abokin karawa ya kawo duka, sa'an nan ya mayar masa da hagu mai lanƙwasa, ko a haƙarƙari ko a muƙamuƙi. Wanda duk ya tsaya a gabansa don su gwada ƙarfi ya kan yi nadama. Lagonsa ɗaya ne, kuma ba za mu ɓoye shi ba: mai saurin ƙafa, wanda zai taɓa shi ya kauce, ya yi ta kewaya fage har turmi ya cika, ya kan ba shi wahala ƙwarai.

Mai kambin a lokacin Gene Fullmer ne, mutumin Utah, ƙaƙƙarfan gaske, wanda ya taɓa ƙwace kambi daga hannun Sugar Ray Robinson kansa cikin 1957. Shi kuwa irin masu tsayawa ne a gwada ƙarfi. Suka haɗu a San Francisco ran 23 ga Oktoba, 1962, aka yi turmi 15, alƙalai duka suka ba Dick Tiger. Cikin Fabrairu, 1963, suka sake haɗuwa a Las Vegas. Wannan karon Fullmer ya sake dabara, ya yi ta kaucewa, aka tashi kunnen doki, kambi ya zauna inda ya ke.

Karo na uku shi ne wanda ya kamata kowane ɗan makaranta a ƙasar nan ya sani. Gwamnati ta tsaya da kuɗinta aka kawo wasan gida, Ministan Ƙwadago na Tarayya, Cif J. M. Johnson, yana kan gaba wajen shiryawa, tare da Jack Solomons, mashahurin mai haɗa dambe na Landan. Aka yi shi a filin wasa na Liberty a Badun ran 10 ga Agusta, 1963, gaban mutum wajen dubu talatin. Ba a taɓa yin karon kambin duniya a Afirka ta Yamma ba sai ran nan. A tuna fa a wannan shekara Jihar Yamma cikin rikicin siyasa ta ke, shari'ar Cif Awolowo ma ba a gama ta ba, amma daren nan ba wanda ya tambayi jam'iyyar maƙwabcinsa ko jiharsa. Dick Tiger ya hau Fullmer da duka tun daga turmin farko, ya farfasa masa fuska, da aka gama na bakwai mutanensa suka ce ya isa. Fullmer bai sake shiga fage ba har ya mutu. A cikin shekarar ce kuma Sarauniyar Ingila ta ba Dick Tiger lambar girma ta M.B.E.

Daɗin bai daɗe ba. Ran 7 ga Disamba, 1963, tsohon abokin karawarsa Giardello ya bi shi da taɓa-ka-kauce a Atlantic City, ya raba shi da kambin. Giardello ya yi alkawarin zai ba shi damar ramawa, amma sai ya yi ta jan ƙafa har kusan shekara biyu. Dick Tiger bai zauna jira ba. Ya ci gaba da karawa da duk wanda aka kawo, ciki har da Joey Archer wanda shi ma ya ci shi da saurin ƙafa, da Rubin Carter wanda kowa ke tsoro, amma shi ya kā da shi sau uku cikin Mayu, 1965. Ran 21 ga Oktoba, 1965, Giardello ya fito a Niyok, Dick Tiger kuwa ya karɓo kambinsa yana da shekara 36.

Bayan wata shida, ran 25 ga Afrilu, 1966, Emile Griffith, zakaran ajin da ke ƙasa da nasa, ya hauro ya ci shi da maki. A karon nan ne aka fara ganin gwiwar Dick Tiger ta taɓa ƙasa tun da ya ke dambe. Mafi yawan 'yan jaridar da suka zauna a bakin fage sun ga shi ne ya ci, amma ba makinsu a ke ƙirgawa ba. Mutane suka ce tsufa ya zo, sai ya ajiye safa. Shi kuwa sai ya ɗaga kai sama, ya nemi zakaran ajin laba 175, José Torres mutumin Puerto Rico, wanda ya fi shi tsawo da nauyi da ƙuruciya. Ran 16 ga Disamba, 1966, ya ci Torres, yana da shekara 37. Aka sake karawa cikin Mayu, 1967, ya sake cinsa, ko da ya ke da ƙyar, har magoya bayan Torres suka fusata suka yi ta jifa da kwalabe. Cikin Nuwamba na shekarar ya buge Roger Rouse a turmi na 12.

A nan ya kamata mu tsaya, domin nan ne ƙashin bayan hujjarmu. Tun da Bob Fitzsimmons ya haɗa kambin matsakaita da na laba 175 cikin 1903, shekara 63 ke nan, ba a sami wanda ya sake haɗa su ba sai Dick Tiger. Ba don ba a gwada ba ne. Mickey Walker ya gwada bai samu ba. Bobo Olson ya gwada cikin 1955, Archie Moore ya kwantar da shi. Sugar Ray Robinson, wanda yawancin masana ke sawa a kan kowa, ya gwada cikin 1952 da Joey Maxim, yana ma kan gaba da maki, amma zafin daren ya kā da shi bayan turmi na 13. Ba mu ce Dick Tiger ya fi Robinson ba, wannan magana ba za ta karɓu ba. Amma dutsen da ya gagari Robinson, shi ya hau.

Masu suka su kan kawo lissafi. Su kan ce karawa 82 ya yi, ya ci 60, aka ci shi 19, kunnen doki 3, alhali Rocky Marciano ya yi 49 ya ajiye cikin 1956 ba wanda ya taɓa cinsa. Akawu ba ya raina lissafi, mu ma ba mu raina shi. Sai dai duk wanda ya taɓa duba littafin kuɗi ya san jimla ba ta faɗin kome sai an bi ta layi-layi. Cikin sha taran nan akwai huɗu na farkon zuwansa Ingila, lokacin da ya ke baƙo yana aikin fenti. Akwai waɗanda ya rama, kamar Webb da Greaves da Giardello. Akwai na tsufa. Sa'an nan ba a taɓa yi masa zaɓen ragwaye don a ƙawata takardarsa ba, shi ne ma ragon da aka taɓa zaɓo wa wani. Abin da za mu yarda da shi shi ne, Griffith da Archer sun ci shi bai rama ba, kuma dukansu ta hanya ɗaya suka bi, watau lagon nan da muka ambata bai taɓa samun maganinsa sosai ba. Duk da haka mujallar The Ring ta Amurka, wadda a ke girmama maganarta a kan dambe, ta zaɓe shi gwanin shekara sau biyu, 1962 da 1965. Cikin 2002 kuma, da ta jera gwanaye 80 na shekara 80, ta sa Robinson na ɗaya, ta sa Dick Tiger na 31, a gaban Griffith ɗin da ya ci shi.

To, a Afirka fa? Mutum uku a kan kawo. Battling Siki na Sanagal shi ne farko, ya kashe Georges Carpentier a Faris cikin 1922, amma wata shida kaɗai ya riƙe kambin, aka kuma harbe shi a Niyok cikin 1925. Hogan Bassey shi ya buɗe wa 'yan Nijeriya ƙofa da ya buge Cherif Hamia a Faris cikin Yuni, 1957, ya zama zakaran ajin laba 126. Ya riƙe har Maris, 1959, sa'ad da Davey Moore ya karɓe, sa'an nan ya komo gida ya koyar da yara, har Nojim Maiyegun ya samo wa Nijeriya lambarta ta farko a wasannin Olimfik na Tokiyo cikin 1964. Bassey yana da girman na fari, wannan ba mai ƙwace masa, amma zamansa a sama gajere ne. Wanda ya fi ba mu wahala shi ne Azumah Nelson na Gana, wanda ya buge Wilfredo Gómez cikin 1984, ya kuma daɗe yana kāre kambi fiye da yadda Dick Tiger ya taɓa yi. Wanda ya sa shi gaba bai yi wauta ba. Mu dai abin da ya rinjaye mu shi ne, a zamanin Nelson an riga an rarraba kambi tsakanin ƙungiyoyi dabam-dabam, kowane aji da zakaru fiye da ɗaya, Dick Tiger kuwa ya riƙe na aji biyu ba tare da wani na gefe yana cewa shi ma zakara ne ba. Saboda haka mun sa shi na ɗaya, Nelson na bin sa kusa da kusa.

Sauran labarin ba na fage kaɗai ba ne. Masu karatu sun san abin da ya auku cikin 1966: juyin mulkin Janairu wanda aka kashe Sardauna da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikinsa, da na Yuli, da kashe-kashen mutanen Gabas da aka yi a garuruwan Arewa. Ran 30 ga Mayu, 1967, Ojukwu ya yi shelar Biyafara, cikin Yuli yaƙi ya tashi. Dick Tiger ya bi ɓangaren Biyafara a fili. Aka ba shi muƙamin laftana, aikinsa horar da jikin sojoji da ƙarfafa musu zuciya, ya riƙa kuma taimakon mutanensa da kuɗin dambensa. A Amurka ya nemi a riƙa kiransa ɗan Biyafara in zai shiga fage. A ƙarshen 1969 ya mayar wa Ingila da lambarta ta M.B.E., don tana taimakon Gwamnatin Tarayya da makamai. Mu ba mu ga alheri a cikin raba ƙasa ba, har yanzu kuma ba mu gani ba. Amma mutumin nan bai yi fuska biyu ba, ba kuwa riba ya bi ba, gama yawancin abin da ya tara ya zuba a gidaje da kasuwanci a gida ya salwanta a cikin yaƙin.

Cikin wannan hali ne ya yarda ya kara da Bob Foster, wanda sauran zakaru da sun yi ta kewaye masa. Foster dogo ne, ƙafa shida da inci uku, ga naushi kamar guduma, aka kuwa yi wa Dick Tiger alkawarin dala dubu ɗari. Ran 24 ga Mayu, 1968, a Niyok, hagun Foster ta same shi a turmi na huɗu, ya faɗi, alƙali ya ƙirga goma. Sau ɗayan nan ke nan aka taɓa ƙirga masa goma a duk rayuwarsa. Bai daina ba. Cikin Oktoba ya kara da Frankie DePaula, kowa ya kā da ɗan'uwansa sau biyu, shi ya ci, The Ring ta ce babu karon da ya kai wannan a shekarar. Cikin Mayu, 1969, saura wata uku ya cika shekara 40, ya ci Nino Benvenuti na Italiya, wanda ke riƙe da kambin matsakaita a lokacin, sai dai ba a sa kambin a karon ba. Na ƙarshe shi ne na 15 ga Yuli, 1970, inda Griffith ya sake cinsa da maki.

Yaƙi ya riga ya ƙare tun Janairu na shekarar. Mutumin da dubu talatin suka yi wa kirari a Badun sai ga shi yana aikin gadi a wani babban gidan ajiye kayan tarihi a Niyok. Yana cikin wannan aiki ciwo ya kama shi, likitoci suka duba suka ga ciwon daji ne a hanta, ba kuwa magani. Da ya ji haka sai ya nemi komowa gida. Gwamnatin Janar Gowon, wadda ta riga ta yi shelar afuwa bayan yaƙi, ba ta hana shi ba. Ya iso cikin 1971, ya yi 'yan watanni tare da iyalinsa, ya rasu a Aba ran 14 ga Disamba, 1971, yana da shekara 42. Bayan shekara 20, cikin 1991, aka shigar da sunansa a zauren tunawa da gwanayen damben duniya da ke Canastota, cikin jihar Niyok.